Shuɗin Zanen Muhibba

Unguwar Naseem, Riyad
Farkon Oktoba

Zuwa ga taubashiyata Muhibba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da Kawu da Inna da yara. Yaya ƙafar Kawu? Mu nan lafiya lau, sai Umma da hawan jininta, shi ma da sauƙi tun da na fara ɓoye mata gishiri.

Kin ga takarda kamar zamanin kakanninmu ko? Ke kika ja. Kin toshe ni a waya ta kowace hanya, har lambar shagon da nake kitso ba ki bari ba, shi ya sa na nemo biro. Baba Isiyaku mai dabino na kasuwar Utaiƙa zai taho Kano jibi, shi zai kawo miki. Shi dai ba ki da inda za ki danna ki toshe shi.

Laifina ɗaya ne, na sa hoton tikiti a waya kowa ya gani. Mawaƙiyarmu Tsubame za ta zo Riyad a watan Disamba, ita kaɗai ba tare da 'yan ƙungiyarsu ba, kuma ta faɗa da bakinta cewa daga wannan zagayen ta ajiye waƙa. Shekara goma sha uku muna bin matar nan, tun ranar da muka ji muryarta a ƙarshen katun ɗin Japan da ake juyawa zuwa Larabci, muna zaune a tabarma ɗaya muna faɗa a kan rimot. Yau ta zo har ƙofar gidana, sai in rufe ƙofa in kwanta?

Na san maganar alkawari za ki yi. Ban manta ba. A kan rufin gidanmu, gefen tankin ruwa, muka ce tare za mu gan ta ko kowa ta haƙura. A lokacin muna yara, kuma a garin nan ko gidan sinima babu, balle a yi zancen mawaƙiyar Japan. Mun yi alkawari ne a kan abin da muka tabbata ba zai faru ba. To ya faru, ke kina Kurna ni ina nan. Ni na rufe kamfanin kafilin Kawu, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan? Ni na hana a sabunta muku iƙama, takardar zamanku? Na sa Babanmu ya tambayo ko za a iya yi miki bizar ziyara, aka ce da irin aikinsa na tuƙi ba za a ba shi ba. Na yi kuka ranar, amma ba ki sani ba, don kin riga kin toshe ni.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zancen da kika kai wa Inna, wai na zama 'yar gidan rawa. Maganar ta zagayo ta dawo kunnen Umma, yanzu kullum da ita muke karyawa. Ke da kika fi ni iya rawar Tsubame, ke da kika fasa madubin Umma da gwiwar hannu kina kwaikwayonta, yau ke ce malama.

Zan je, Muhibba. Ba izini nake nema ba. So nake ki sani daga bakina.

Taki ko kin ƙi,
Mu'minat

Kurna, Kano
Tsakiyar Oktoba

Mu'minat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna lafiya, ƙafar Baba ta yi sauƙi, yana zuwa masallaci da kansa. Ki gaida Gwaggo Hajar, ki ce mata ina yi mata sannu da jiki. Gishirin kuma ki ci gaba da ɓoyewa, a nan kaɗai kika yi abin kirki.

Na karanta har ƙarshe, ban ga inda kika ce "yi haƙuri" ba. Na juya bayan takardar ko yana can, babu.

Ba zuwanki ne ya ɓata min rai ba, kada ki mai da ni mahaukaciya. A waya na gani, tare da duk duniya. Ina kan keken ɗinki ina haɗa wa wata hannun riga, na duba waya sai ga tikiti, kin zagaye shi da hotunan zuciya, ƙawayenki Larabawa suna ta yi miki mabruk. Ni da na koya miki baitin farko, ni da nake rubuta miki kalmomin da haruffan Larabci don ki iya furtawa, sai in ji labari a layi ɗaya da Marwa da kika sani shekaran jiya? Da kin kira ni kafin ki saya, da ni zan ce ki je. Wannan damar kika ƙwace min.

Kin tuna ranar da kuka raka mu filin jirgin Sarki Khalid, da hatimin fita ta ƙarshe a fasfo ɗinmu? Na ciro sandar hasken nan mai shuɗiyar wuta, wadda muka haɗa kuɗin Sallarmu muka saya, na ce ki riƙe don zan dawo. Shekara bakwai ke nan. A nan Kano idan na sa waƙarta, yaran shago dariya suke yi, wai Anti tana jin waƙar 'yan tsana. Babu mutum ɗaya a garin nan da zan ce wa Tsubame za ta daina waƙa ya gane abin da na rasa. Ke kaɗai ce, ke ma kin yi bikinki ba da ni ba.

Zancen gidan rawa kuwa ban faɗa ba. Cewa na yi za ki gidan waƙa, Inna ce ta ƙara nata. Amma ban gyara mata ba, kuma ban yi nadama ba.

Na ba Baba Isiyaku saƙo ya taho da shi. Ba naki ba ne, kada ranki ya yi fari. Idan kin buɗe za ki gane na wace ce da abin da za ki yi da shi, ba sai na ɓata tawada ba. Ki shiga da shi zauren, in an tashi ki saka a akwatin da suke ajiyewa na kyaututtukan masoya. In kin yi wannan, ni ma na je. In ba ki yi ba, kin san matsayina a wurinki, ni ma na san naki.

Wayar tana nan a toshe.

Muhibba

Naseem
Farkon Nuwamba

Muhibba,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya. Umma tana amsawa, ta ce Allah ya yi miki albarka da tsaraba, kukar ta yi kyau.

Wane saƙo? Baba Isiyaku ya aiko min da takardarki shago, kaya kuma ya kai gida. Da na dawo na tambayi Umma ko akwai ƙulli mai sunana, ta ce babu, tsarabarta ce kawai daga 'yar ɗan'uwanta, kuma ta riga ta raba wa maƙwabta nasu kamar yadda ta saba. Kin san ta, kayan gida ba sa kwana a hannunta. Na zazzage buhun da kaina. Kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, yaji. Wanne daga ciki zan saka wa Tsubame a akwati, daddawar?

Na je har Utaiƙa na sami Baba Isiyaku a rumfarsa. Ya ce duk abin da aka ba shi ya sauke, bai taɓa cin amanar saƙo ba, sai da na ba shi haƙuri a gaban masu sayen dabino. Kin ja min kunya wurin dattijo.

Ga abin da nake zato, kuma zan faɗa tunda taubashiyata ce ke, ba surukata ba. Babu wani saƙo. So kike ki ɗora min sharaɗin da ba zan iya cikawa ba, don in na je ki ce na ci amana sau biyu. Tun muna yara haka kike, in an cinye ki a wasa sai ki canza doka.

In kuwa da gaske akwai, ki buɗe waya na minti ɗaya ki gaya min mene ne. Wani ɗalibi ne zai kawo miki wannan, ban san ranar da amsa za ta same ni ba, kuma Disamba ba jiranmu take ba.

Mu'minat

Kurna
Ƙarshen Nuwamba

Mu'minat,

Lafiya lau muke. Ki gaida Gwaggo.

Ɗalibin naku sai da ya gama zaga danginsa kaf sannan ya tuna da takardata. Da ma bai kawo ba.

Ni ce maƙaryaciya? To saurara. Farin yadi na saya na kai marina a Ƙofar Mata, na tsaya a kan marinin sai da ya tsoma shi ya kai shuɗin nan na Tsubame, wanda take sawa tun tana cikin ƙungiya, launin da masoyanta suke kunnawa in ta fito. Na yi masa aikin hannu da farin zare, tsuntsuwa mai buɗaɗɗen fiffike a tsakiya. A ƙasa na ɗinka rubutu da haruffansu na Japan, ina kallon waya ina kwafa ɗigo bayan ɗigo, na warware ya fi a ƙirga. Na mayar da ɗinkin mutane baya saboda shi, har wata ta kwashe kayanta ta kai wani shagon. Yatsana har yanzu bai warke ba. Ko ba haka masoyanta suke yi a can ba, kowa ya ɗaga ƙyalle mai sunanta? Na ce ni ma nawa ya je, tunda ƙafata ba za ta je ba.

Shi ne za ki ce babu. Na san abin da ya faru. Kin buɗe, kin ga rinin gida yana warin baba, kin tuna da Marwa da sauran masu tawul ɗin kanti, kunya ta kama ki kin tura shi ƙarƙashin gado. Ki faɗi gaskiya, ya fi wannan wasan. Dama tun da muka dawo Najeriya muka zama mutanen ƙauye a idonku, masu aiko da kuka.

Ki je ki ga Tsubame. Ki ɗaga sandata ki yi tsalle. Amma daga yau kada ki ƙara kirana taubashiya, sunan ya fi ƙarfin abin da ya rage tsakaninmu.

Muhibba

Naseem
Disamba, washegarin wasan

Muhibba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai muryata da ta dishe. Ina fata Kawu da Inna suna lafiya. Ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, don yau ni ce mai fushi, kuma nawa ya fi naki hujja.

Takardarki ta zo ana gobe wasan. Ina karanta "tsuntsuwa da farin zare" sai na tuna inda na ga fiffiken nan. A bayan Mariamou na gan shi, matar wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke ƙasan benenmu, wadda ta haihu kwanan baya. Kullum tana wuce ni a matakala da goyo, rubutun yana naɗe ta ciki, fiffike ɗaya ne kawai yake leƙowa. Har yaba mata zanen na taɓa yi.

Na koma wurin Baba Isiyaku na ce, ranar da aka ba shi kaya me aka ce masa? Ya ce, "Yarinyar cewa ta yi duka tsarabar Gwaggo ce." Kin ji? Kunya ta hana ki gaya wa dattijo mai gemu cewa kayan mawaƙiya zai ɗauko, sai kika cusa shi cikin buhun kuka ba suna ba alama, ni kuma kika ƙi gaya min mene ne don jan aji. Umma ta buɗe ta ga sabon zane daga gida, ga maƙwabciya baƙuwa ta haihu ba uwa ba dangi a kusa. Me kike zato za ta yi? Ranar suna ta miƙa mata shi a gaban mata, ta ce na goyo ne daga Kano.

Na gaya wa Umma komai. Ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Kyautar da na bayar da hannuna, a gaban jama'a? In kika buɗe baki kika ce a dawo da ita, ki nemi wata uwar a garin nan." Na ce ai ba nata ba ne ta bayar. Ta ce, "An ce tsarabata ce ko ba a ce ba?" Ke kika ba ta wannan hujjar.

Ban yi barcin kirki ba. Da safe na sauka wurin Mariamou ba da sanin Umma ba. Ban ce ta dawo da shi ba, aro na roƙa, na yini ɗaya. Ta ce, "Mi ya hwaru? Biki za ki?" Na ba ta labarinki tun daga rufin gida har filin jirgi. Ba ta san wace ce Tsubame ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta kwance jaririyar ta ɗora a cinya, ta miƙo min zanen da ɗuminsa, ta ce, "Ni ma ƙanwata na can gida. Amshi, ki tai da shi." Ta so ta wanke, na ce babu lokaci.

A ɗakina na shimfiɗa shi. Na haska rubutun da waya ta karanta min. Sunanta ne a sama, a ƙasa kuma Muhibba da Mu'minat. Ke da kika ce ba nawa ba ne, kada raina ya yi fari. Munafuka kawai.

Bayan magariba aka buɗe ƙofar wurin wasan. Muhibba, zauren ya cika, 'yan mata da abaya, samari, 'yan Filifin, 'yan Indonesiya, da wasu 'yan Japan masu furfura da suka biyo ta tun daga ƙasarsu. Aka kashe fitilu, sai wurin gaba ɗaya ya koma shuɗi, kowa ya kunna sandarsa. Tamu ma ta kama, na sa mata sabon batir. Ta fito ita kaɗai, ba masu rawa a bayanta, 'yar ƙarama da ita, ta fi yadda muke zato gajarta. Ta ce assalamu alaikum da irin harshensu, wurin ya ɗauka. Ta girma, Muhibba. Akwai inda muryar ba ta kai yadda take kaiwa da, sai ta yi dariya ta miƙo mana makirufo mu ƙarasa mata. Duk wuraren da ake kiran sunanta a tsakiyar waƙa na kira, ban kuskure ko ɗaya ba, yadda kika koya min.

Na ɗaga zanenki tun daga waƙar farko. Ya fi na kowa girma, sai da Marwa ta kama min gefe ɗaya, ita da kike cewa zan ji kunyarta. Yana warin baba da man jarirai da ɗan abin da ba sai na faɗa ba. Wata tsohuwa 'yar Japan ta shafa tsuntsuwar ta yi ta sunkuyar min da kai. Can wajen ƙarshe Tsubame ta zo bakin dandamali ta ɓangarenmu, ta tsaya, ta dafa ƙirji ta sunkuya. Ba zan yi miki ƙarya in ce ta karanta ba, akwai nisa. Amma wajenmu ta kalla.

Yanzu ga abin da ya sa nake fushi. An hana ɗaukar hoto da bidiyo, dokarsu ce, ma'aikata suna zagawa. Da ta ce saura waƙa ɗaya, sai na ji kiɗan farkon waƙarmu, ta ƙarshen katun, wadda muke yi a gefen tanki. Na zura waya cikin hannun abaya na kira ki, don ki ji da kunnenki ko da ta cikin tsumma ne. Bai shiga ba. Na sake, bai shiga ba. Na yi ta kira har ta kai amshi na ƙarshe, ina kuka ina danna lambar da na san a toshe take. Waƙar da na jira shekara goma sha uku rabinta na ji, rabi ina fama da taurin kanki. Ta gama, ta daɗe a sunkuye, ta shiga ciki, shi ke nan. Ba kafili ne ya hana ki jin Tsubame ba, ba biza ba ce, ba ni ba ce. Yatsanki ne.

Akwatin kyaututtukan yana bakin ƙofar fita. Na tsaya a gabansa da zanen a hannu har mutane suka fara ture ni. Na san abin da kika ce, in ban saka ba na san matsayinki. Amma aro na ce wa Mariamou, kuma ta kwance 'yarta ta ba ni ba tare da ta tambayi ranar dawowa ba. Ban saka ba. Yau da safe na wanke shi na goge na mayar mata, yanzu haka jaririyar, Bilƙisu, tana barci a ciki, da sunanki da nawa a gadon bayanta.

Ki yanke hukuncin da kika ga dama. Ni dai na gaji da biro.

Mu'minat

Kurna
Janairu

Taubashiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baba ya ce a gaida Gwaggo, ni kuma ki ce mata ban yafe ba tukuna, amma ta iya zaɓen wadda za ta ba.

Na karanta takardarki a shago, sai da na kori yara na rufe ƙofa. Ranar wasan na sani sarai, na ƙirga bambancin lokaci, ina zaune da wayar a hannuna. Sau biyu na kai yatsa zan buɗe, sai in ce bari ta ji yadda na ji. Ashe ni nake hana kaina. Wannan haushin ban san wa zan ɗora wa ba, shi ya sa har yanzu ke nake jin haushi, ki yi haƙuri da hakan.

Da kin saka zanen a akwati, da na ce kin kyauta, sannan in raina ki har abada. Ki bar wa yarinya kayanta. A can Japan ɗaki za a kai shi a rufe tare da dubu irinsa. Ki ɗauko min hoton Bilƙisu a ciki, ta baya, yadda tsuntsuwar za ta fito. Ki gaya wa Mariamou kada ta sa masa omo mai ƙarfi, rinin zai zuba.

Munafuka kuma da kika ce, zare ne ya rage, na rasa abin da zan yi da shi.

Na buɗe wayar tun jiya. Ban kira ba, kuma ba zan fara kira ba, ke ce ƙarama. In wannan ta same ki, ki hau rufin gida gefen tanki ki kira ni. Rabin waƙar da kika ce kin ji, shi za ki rera min, da wannan muryar taki mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ɗaya rabin yana wurina, ban manta ko kalma ɗaya ba.

Muhibba